In an karɓe bulalar, me za a ba Malam ya riƙe?

Shekarata ta uku da fara koyarwa aka kawo mini ƙarar wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, ƙato, ya fi ni faɗin kafaɗa. Ashe kusan wata biyu ke nan kullum in an fita tara sai ya tare wani ɗan aji ɗaya a bayan ban-ɗaki ya karɓe masa kuɗin tara. Naira 50 ce a lokacin, kuɗin ƙosai da ruwan leda. Wata yarinya ce ta gani ta faɗa wa monita, monita ya faɗa mini. Washegari a asambuli na sa aka fito da shi, manyan ɗalibai huɗu suka riƙe shi, na tsula masa bulala 12. Makaranta ta yi tsit. Da na koma ɗakin malamai har hannu aka riƙa ba ni, wani dattijo a cikinmu ya ce yau na zama malami.

Bayan mako biyu ƙaramin ya daina zuwa. Sai da zango ya kusa ƙarewa na haɗu da yayansa a bakin kasuwa, shi ya ba ni labari. Ranar da na yi dukan, ana tashi, ƙaton da abokansa suka bi yaron har lungun gidansu suka huce a jikinsa, wai shi ya kai ƙara. Alhali ba shi ya kai ba. Uwarsa ta ce ba ta haifi ɗa don a kashe mata shi a kan boko ba, ta miƙa shi wajen wani mai gyaran babur. Kuɗinsa na wata biyu babu wanda ya mayar masa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, tun daga ranar da aka kawo ƙarar har ranar da ya bar makarantar, ban taɓa kiransa na tambaye shi ko kalma ɗaya ba. Na daki wanda ya cuce shi a gaban makaranta gaba ɗaya, shi kuwa ko sunansa ban riƙe ba sai da na duba rajista.

Muhawarar da ake ta yi a kan duka a makaranta ce ta tuno mini da wannan. Ƙasashe sun daɗe da fara hanawa. Afirka ta Kudu ta hana tun 1996, Kenya a 2001, hukumar ilimi ta Ghana a 2017, a nan gida ma jihar Legas ta hana a makarantun gwamnati. Mu a Arewa sashe na 55 na tsohon kundin Final Kod ya ba malamin makaranta damar dukan ɗalibi don gyara muddin bai yi masa mummunan rauni ba, amma kowa ya ga inda iskar ta dosa. Makarantun kuɗi da yawa tuni suke gaya wa sabon malami cewa hannunka ya taɓa ɗan mutane, a bakin aikinka. Duk sanda maganar ta taso a ɗakin malamai sai wani ya ce, “To in an karɓe bulalar, da me zan riƙe yara 120?” Masu rajin kare haƙƙin yara sukan ji wannan su ce taurin kai ne irin na mutanen da. Ni kuwa ina ganin mutumin yana da gaskiyar tambayarsa. Malamin da aka ƙwace wa bulala ba a koya masa komai a madadinta ba, ɗayan biyu zai yi. Ko ya ci gaba a fakaice, ya koma ga tsallen kwaɗo da kamun kunne da zagin iyaye, ko ya naɗe hannu ya ce kowa tasa ta fisshe shi, albashi dai ba zai ragu ba. Wannan na biyun nake ƙara gani yanzu, kuma ɓarnarsa ba ta gaza ta dukan ba.

Akwai amsa guda da wasu ƙasashe suka shafe shekara 30 suna gwadawa a makarantunsu. Bari in kira ta sulhun gyaran ɓarna. Ba a makaranta aka haife ta ba. A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a lardin Ontario na Kanada, wasu samari biyu suka sha suka bugu, suka bi dare suna fasa tagogi da gilasan motoci da huda tayoyi, har wurare 22. Jami'in da aka ɗora wa rubuta rahoto a kansu, Mark Yantzi, ya ba alƙali shawarar a sa su fuskanci mutanen da suka yi wa ta'adi. Alƙali ya amince. Samarin suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna ji da kunnensu abin da suka jawo, suka kuma biya. A 1989 Niyu Zilan ta yi doka, bayan 'yan ƙabilar Maori sun daɗe suna kukan cewa hukuma tana raba su da 'ya'yansu, cewa in yaro ya yi laifi a tara danginsa da wanda aka cuta a zauna a tsayar da abin da zai yi. Wani sajan ɗin 'yan sanda a Ostareliya, Terry O'Connell, ya ɗauko tsarin a garin Wagga Wagga a 1991, ya tsara tambayoyin da ake bi a zaman. A 1994 wata malamar ba da shawara, Margaret Thorsborne, ta shigar da shi wata sakandare a jihar Queensland. Daga nan ya bazu. Yau akwai cibiya sukutum a garin Bethlehem na jihar Pennsylvania a Amurka, IIRP, wadda Ted Wachtel ya kafa, babban aikinta horar da mutane a kan wannan.

Abin da ya sa Amurka ta rungume shi, nata ciwon daban ne. Ko da yake har yau akwai jihohin can, galibi na kudu, da doka ta yarda a doki ɗalibi da katako, yawancin makarantunsu kora suke yi. A 1994 aka yi dokar da ta ce duk ɗalibin da ya zo da bindiga a kore shi shekara guda, sai makarantu suka faɗaɗa abin, ƙaramin laifi ma sai a tura yaro gida na kwanaki. A shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 yara fiye da miliyan 3 aka dakatar, kuma baƙar fata sun ninka farare sau uku wajen shan wannan hukunci. Su kora, mu bulala, amma makantar iri ɗaya ce. Mu da su duk doka muke kallo da wanda ya karya ta. Wanda aka cuta yana can gefe a tsaye, kamar yarona na bayan ban-ɗaki.

Tambayoyin da ake koya wa malami ba su da yawa, yaro ma zai haddace su. Wanda ya yi laifi a tambaye shi: me ya faru? Me kake tunani a lokacin? Me ka yi tunani tun daga lokacin zuwa yanzu? Wa abin ya shafa, kuma ta yaya? Me kake ganin ya kamata ka yi don a gyara? Shi ma wanda aka cuta a tambaye shi yadda abin ya same shi, da abin da ya fi yi masa ciwo, da abin da yake so a yi. A lura babu “don me ka yi?” a ciki. Duk malami ya san amsar wannan: shiru, ko ƙarya, ko “sharrin Shaiɗan ne, Malam.” Ana ganin kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, ba a haɗa su sai wanda aka cuta ya yarda, kuma sai mai laifin ya amsa cewa ya yi. Abin da aka tsayar a rubuta, a sa rana a dawo a duba ko an cika.

Masu horarwar sukan ce wannan zaman ƙaramin ɓangare ne na aikin. Kashi 80 ana yin sa ne tun ba a yi faɗa ba. Aji ya zauna a da'ira na 'yan mintuna, a riƙa miƙa wani abu hannu zuwa hannu, wanda yake riƙe da shi kaɗai ke magana, sauran su saurara, har malamin. Ba a gyara dangantakar da babu ita tun farko.

Na san abin da mai karatu yake shirin cewa, don ni ma shi na fara cewa: ai wannan namu ne, Turawa suka sa masa riga. Muna da zauren mai unguwa, muna da dattawan dangi, Hisba ma a Kano rabin aikinta sulhu ne, kuma Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne. Haka ne. Amma mu tsaya mu kalli sulhun da muke yi a makaranta da idon gaskiya. An kawo yara biyu, ɗaya yana kuka. Malam yana cikin duba jarrabawa, ko ɗago kai bai yi sosai ba.

“Kai, ba shi haƙuri.”

“Yi haƙuri.”

“Kai kuma ka haƙura?”

“Na haƙura, Malam.”

“Ku gaisa. Maza ku wuce aji.”

Minti biyu an gama. Wa aka ɗora wa kaya a nan? Wanda aka cuta. Shi aka sa ya haɗiye, a gaban malami, inda ba shi da bakin cewa a'a. Wancan kalma biyu kawai ya furta, ko biron da ya karya bai biya ba. Kuma ba a makaranta muka ƙirƙiro wannan ba, daga gida muka zo da shi. Matar da ta zo gidansu da kumburarren ido a ce mata ki yi haƙuri, aure ibada ne. Talakan da mai hali ya cinye wa gefen gona a ce masa ka bar wa Allah. Sau da yawa abin da muke kira sulhu rufe magana ne, don manya su huta, don kada a ji kanmu a waje. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba, sai dai kullum mutum ɗaya ake rubuta wa maganin.

Abin mamaki, addinin da muke kafa hujja da shi bai yarda da wannan gajeriyar hanya ba. Kowane ɗan Islamiyya ya san sharuɗɗan tuba: ka yi nadama, ka daina, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin ɗan'adam ne ka mayar masa da abinsa ko ka nemi ya yafe da kansa. Ayar Suratul Hujurat da ta ce a sulhunta ɓangarori biyu da suka yi faɗa ta ƙara da cewa a yi shi da adalci. Tambayoyin da sajan ɗin Ostareliya ya tsara, in ka duba, sharuɗɗan nan suke bi ɗaya bayan ɗaya, har zuwa na huɗun da mu muke tsallakewa. Shi ya sa nake cewa horon nan yana da abin da zai koya mana, ko da kalmar tamu ce tun kaka da kakanni.

Masu riƙe da hadisin dukan yaro a kan salla in ya kai shekara goma, su ma ina so su duba abin da malaman mazhabarmu suka yi da shi. Ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 870, ya rubuta ladubban malaman yara, ya ce kada malami ya wuce bulala uku sai da iznin uba. Ni na yi 12 ban tambayi kowa ba. Ibn Khaldun ya ware babi guda a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa kasala da ƙarya da yaudara, ya saba nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannu. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya ga wannan yaron: lumui a gabanka, kura a bayan aji. Anas ɗan Malik kuwa shekara goma ya yi yana yi wa Annabi (SAW) hidima, ya ce ko “tir” bai taɓa ce masa ba.

Akwai kuma abin da muke da shi wanda su can da kuɗi suke ƙoƙarin ginawa. Yaronmu yana da kawu, yana da gwaggo, yana da limamin unguwa da ya san ubansa, yana da kunya. Wani masanin laifuka ɗan Ostareliya, John Braithwaite, ya bambanta kunya iri biyu: wadda ke tozarta mutum ta tura shi waje, da wadda ke nuna masa munin aikinsa a gaban masu ƙaunarsa sannan a jawo shi ciki. Dukan asambuli irin ta farko ce. Ƙatona ya tashi daga kan bencin nan ba abin da ya rage masa a makarantar sai abokan da suka taya shi ramuwa. Da a ce na zaunar da shi da kawunsa a ofis, uwar ƙaramin ta faɗa da bakinta yadda take tashi da asuba ta soya abin sayarwa kafin ta haɗa hamsin ɗin nan, ina jin da ya gwammace bulala 12 a kan wannan zaman. Da kuma an tsayar da yadda zai biya, da wanda zai riƙa raka ƙaramin gida.

To amma kada in sayar muku da abin fiye da kuɗinsa. An gwada shi, an auna, kuma sakamakon ba duka ne mai daɗi ba. A birnin Pittsburgh cibiyar bincike ta RAND ta bi makarantu 44, aka yi ƙuri'a aka ba 22 horon IIRP, sauran aka bar su yadda suke, na tsawon shekarun karatu biyu. Rahoton ya fito a ƙarshen 2018. Kwanakin da yara ke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100, malamai kuma suka ce zaman makarantar ya fi daɗi. Amma dakatarwa a kan faɗa da makami ba ta ragu ba, kamun 'yan sanda bai ragu ba, kuma a azuzuwa na 6 zuwa na 8, sa'annin 'yan ƙaramar sakandarenmu, sakamakon karatu baya ya yi. Babban kukan malaman shi ne rashin lokaci. A Shikago, inda aka fara shigar da tsarin cikin makarantun babbar sakandare a shekarar karatu ta 2013 zuwa 2014, kuma ake tura masu horarwa su riƙa shiga makarantun a kai a kai, masu bincike sun samu dakatarwa ta ragu da kashi 18, kama ɗalibai ya ragu da kashi 19, har da kamun da ake yi a wajen makaranta, karatu kuma bai lalace ba. A Ingila an gwada a sakandare 40, mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon a 2018: cin zalin ɗalibai ya ɗan ragu, amma sai a shekara ta uku aka ga bambancin. A ta biyu ba a gan shi ba.

Los Angeles kuwa ita ce madubinmu. A 2013 hukumar makarantun birnin ta hana dakatar da yaro don ya yi wa malami taurin kai, ta ce a koma sulhu. Alƙaluman dakatarwa suka faɗi warwas, shugabanni suka yi ta murna. Malamai da yawa kuwa suka fito suna cewa an hana su tsohuwar hanya, horon sabuwar bai iso gare su ba, aji ya gagare su. Wannan ita ce tambayar abokina ta ɗakin malamai, da wani harshe.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne horon da ake bukata mai tsawo ne, a cikin makaranta ake yin sa, kuma sai da wani a gefe yana kallon malami yana gyara masa. A nan ne tsorona yake, don na san yadda muke bita. Za a kira mutum biyu daga kowace makaranta, shugaba da wanda suke ɗasawa, a kai su otal a babban birnin jiha kwana uku. A raba jaka da biro, a haska bango da majigi, a ci shinkafa da kaza, a sa hannu a karɓi alawus, a ɗauki hoto da satifiket. A ce su koma su koya wa sauran. Su dawo a tara malamai minti 20 bayan an tashi, kowa yana duban agogo yana tunanin ɗauko yara daga Islamiyya. A liƙa takarda a bango. Shi ke nan an rubuta a rahoto cewa an horar da malamai dubu kaza. Na halarci irin wannan ba sau ɗaya ba, jakunkunan suna nan a gida, yarana ke zuwa makaranta da su.

Wannan aikin ba ya koyuwa haka, don abin da ake koya ba bayani ba ne da za a kwafa a littafi. Hali ne ake sauyawa, kuma halin da ya fi wuya ga malami: ya yi tambaya ya rufe bakinsa. Mu da aka horar a kan cewa malami ne mai magana, shirun daƙiƙa goma a gaban yaro ji muke kamar an ƙwace mana aji. Sai mu cike gurbin da wa'azi. Ni shekara uku na yi a kwalejin ilimi, na haddace sunayen masanan halayyar yara na Turai na zuba a jarrabawa, amma ko sau ɗaya ba a taɓa zaunar da mu an ce kai ne yaron da ya yi sata, ke ce wadda aka yi wa, kai kuma malami, bisimilla mu gani ba. Da hukumar NCCE mai tsara manhajar kwalejojin ilimi za ta sa wannan a cikin abin da ake dubawa lokacin koyarwar gwaji, da ya fi otal ɗari amfani. Kuɗin bitar kuma a ɗauki gogaggun malamai, ko da waɗanda suka yi ritaya ne, a horar da su sosai, kowanne a ba shi makarantu biyar ko shida yana zagayawa duk mako, shekara biyu ko uku. Malamin ba da shawara da ke yawancin makarantunmu a takarda kawai, wanda aka lafta wa darussa kamar kowa, a rage masa kaya ya samu sa'o'in zama da yara. Iyaye ma a kira su tun farko a yi musu bayani, in ba haka ba uban da ya ji an yi wa ɗansa sata kuma ba a doki ɓarawon ba zai ce makarantar ta lalace.

Maganar yara 120 kuwa, ba ni da dabarar da zan ɓoye ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Ajin da ya ninka wannan sau uku ba a zama da'ira a cikinsa, ko wurin juya benci babu. Sai dai a raba su rukuni-rukuni a ƙarƙashin bishiya, ko a fara da aji ɗaya. Amma a irin wannan aji bulalar ma shiru kawai take saya, na minti goma. Gwamnan da ya sa hannu a takardar hana duka bai ɗauki malamai ba, bai gina azuzuwa ba, ya sani cewa a wuyan malami ya rataya abin.

Kuma akwai inda ban yarda a kai sulhu ba sam. Fyaɗe, ko malami ya nemi ɗaliba, ko yaro ya zo da wuƙa ya sari wani: wannan na hukuma ne. Na faɗi haka da ƙarfi don na san mu. Ranar da kalmar sulhu ta shiga takardun ma'aikatar ilimi, za a samu shugaban makarantar da zai tara iyayen yarinya a ofis ya ce a rufa wa juna asiri, ya kira abin da ya yi sabon tsari. Horon da bai koya wa malami inda zai tsaya ba gara babu shi. Haka kuma latti da surutu da rashin yin aikin gida, waɗannan ba su bukatar taro, doka ce a fayyace ta a kuma tsaya a kanta.

Ni babu wanda ya horar da ni. A waya na karanta, na gwada, na ɓata zama biyu kafin in gane cewa ni ne matsalar, don a duka biyun ni na yi kashi uku cikin huɗu na maganar. Da akwai mai kallona da tun a na farko ya gaya mini.

Bara ina da wani yaro mai in'ina a aji biyu. 'Yan ajin suka sa masa suna Janareto, in ya miƙe zai yi karatu sai wani daga baya ya fara kwaikwayon ƙarar inji, aji ya kwashe da dariya. Na san jagoran. Na ga kowannensu shi kaɗai. Mai in'inar ya ce zai zauna in abokinsa zai zo, na ce ya zo. Bayan an tashi muka zauna mu huɗu a gindin darbejiya. Na tambayi jagoran me ya faru, ya ce, “Wasa ne kawai, Malam.” Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro, na danne. Na juya ga ɗayan na ce me ya fi yi maka ciwo.

Ya daɗe kafin kalmar farko ta fito. Abokinsa ya buɗe baki zai ƙarasa masa, na ɗaga masa hannu. A hankali, yana tsayawa yana farawa, ya ce ya san amsoshin lissafi, yawanci kafin kowa, amma tun zangon farko bai sake ɗaga hannu ba. Ya ce kullum da dare yana roƙon Allah kada Malam ya kira sunansa gobe. Ni ne Malam ɗin. Jagoran yana ta haƙa ƙasa da bakin silifas, bai ɗago ba.

Na ce me kake so a yi. Na zaci zai ce a ba shi haƙuri. Ya ce shi ba ya son haƙuri. Ya dubi jagoran ya ce, in na tashi karatu ka yi shiru, in wasu suka fara kuma ka hana su, tunda kai suke ji. Jagoran ya ce to. Muka rubuta a bayan littafin rajista, su biyun suka sa hannu.

Sunan bai mutu gaba ɗaya ba, 'yan wasu azuzuwan suna kiransa da shi har yanzu. Jagoran ma ya zame sau ɗaya a mako na uku, muka koma gindin darbejiya. A zango na uku, ranar wata Talata, ina tambaya a kan lissafin baka biyu sai na ga hannu a layi na huɗu. Na kira shi. Wani ya fara ƙaramin gurnani daga baya, jagoran ya waiwaya, gurnanin ya tsaya. Yaron ya ɗauki kusan minti guda kafin ya fitar da amsar, kuma ba daidai ba ce, ya manta da alamar ragi. Na miƙa masa alli na ce ya zo allo mu sake bi tare. Ya taso.